Ganye Bakwai na Baldovino

Motar surukinta, ɗauke da mijinta, ba ta gama fita daga layin ba Orfelina ta ɗauko wuƙa. Ta ɗan tsaya a ƙofar kicin har ƙarar injin ta ɓace, sannan ta zagaya bayan gida, inda nalka, wani tsiro mai manyan ganye, take tsaye cikin rabin duron ƙarfe a jikin katanga.

Ganye bakwai gare ta. Babban cikinsu ya kai faɗin laimar mai kayan miya, kararsa kuwa kaurin damtsen mutum, duk ƙananan ƙayoyi. A tsibirinmu na Quehui, can kudu, babu mai tsayawa kallon ganye bakwai. Kowane kwazazzabo cike yake da nalka, idan ruwa ya tsuge mutum kan fake a ƙarƙashin ganye guda, shi da karensa. Amma nan Puente Alto ne, a gefen babban birnin Santiago, kuma watan Janairu ne, tsakiyar bazara a ƙasar nan, lokacin da sama kan yi wata huɗu ba ta yi ko yayyafi ba.

Ta kama kara na farko ta yanke shi daga tushe. Ganyen ya rufto mata a ka, ta ture shi gefe, ta kama na biyu.

Shekara biyu ke nan da suka baro tsibiri, ita da mijinta Baldovino, saboda ciwon ƙodarsa. Sau uku a mako ake kai shi asibiti a yi masa wankin ƙoda, abin da ba ya yiwuwa ga mutumin da babu abin da ke haɗa shi da asibiti sai kwalekwale, shi ma sai iska ta ga dama. Suka sayar da tumaki, suka rufe gida, suka tare a ɗakin baya na gidan 'yarsu Yasna. Ranar tahowa kowa na ɗaure akwati, shi kuwa ya sauka kwazazzabon bayan gida ya haƙo saiwar nalka, ya naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu, ya ɗora a cinya, awa goma sha takwas a bas. Orfelina ta yi ta yi masa tsiya tun daga garin Castro har garin Temuco, wai mutane na tafiya birni da kaya shi yana tafiya da ciyawa.

Yanzu mako uku ke nan Baldovino ya daina cin abinci. Ba faɗa, ba rigima. A ajiye masa faranti, ya dube shi, ya yi godiya, ya ture. Bel ɗinsa sai da aka ƙara masa huda biyu. Likita ta ce idan aka auna shi ranar Litinin aka ga ya sake raguwa, za a kwantar da shi a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci. Shi kuma ya ce, a gaban likitar, ranar da aka zura masa roba a kira mai akwatin gawa ya auna shi gaba ɗaya, kada a yi wahala biyu. Shekara arba'in da huɗu Orfelina na tare da mutumin nan, ta san ba barazana yake yi ba, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Jiya da yamma, da ya ture farantin shinkafa, sai ya ce, kamar da bango yake magana, "Abincin garin nan ba shi da ƙanshi. Da kuranto ne..." Bai ƙarasa ba, amma ta ji.

To kuranto ba ya yiwuwa sai da ganyen nalka. Ka haƙa rami, ka gasa duwatsu su yi ja, ka zuba ƙumbar teku da nama da dankali a kai, ka lulluɓe da ganyen, tururi ya dafa komai, ganyen ya ba shi ƙanshinsa. Mutanen Santiago da ganyen kabeji suke rufewa, wasu ma har da leda, kuma ba kunya su kira shi kuranto. Allah dai ya shirye su.

Tana gama yanke na biyar Yasna ta fito cikin rigar aikinta ta kantin magani, da jaka a kafaɗa. Ta yi turus.

"Mama! Me nake gani haka?"

"Idonki ne, tambaye shi."

"Itacen Baba ne fa!"

"Ba itace ba ne, ciyawa ce. Kuma don Baban naki nake yi."

Yasna ta dubi ganyen da ke jibge a ƙasa, ta dubi shebur ɗin da uwar ta jingine, nan take ta gane.

"Kuranto za ki yi? A tsakar gidana? Mama, likita ta hana shi ƙumba, ta hana shi gishiri, dankali ma sai an jiƙa shi ya kwana."

"Yana cikin bokiti tun jiya, je ki duba bayan ƙofa. Likita ta hana komai, shi ya sa ba ya cin komai. Ko robar kike so ki gani a hancin ubanki?"

Yasna ta dubi ganye biyun da suka rage. Can ta ce, "To ki bar masa ko biyun nan mana."

"Ramin ba zai rufu ba. In tururi ya tsere an yi aikin banza. Ke wai a nan aka haife ki? Sau nawa kika ga mun aske kwazazzabon bayan gida tas ranar biki, kafin a juya ya sake cika? Nalka ba ta mutuwa, 'yar nan. Kakarki shekara ashirin tana yaƙi da ita a bakin gonar dankali, kakar taki ce ta riga tafiya."

Dariya ta ƙwace wa Yasna ba ta shirya ba. Ta dubi agogon wayarta, ta gyara jaka.

"Zan nemi izini in dawo da wuri. Amma in maƙwabta suka kira 'yan kwana-kwana, wallahi ban san ki ba."

Orfelina ta yanke sauran biyun. Abin da ya rage a duron sai kan saiwar kawai, dunƙule mai jajayen gashi, da 'yan tofo biyu a naɗe da ba su kai ga buɗewa ba. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba. Ta kwashi ganyen ta kai banɗaki, ta shimfiɗa su a bahon wanka, ta rufe da jiƙaƙƙen zanen gado, ta ɗauki jakar cefane ta fita. Juma'a ce, ranar da ake haɗa wa Baldovino gwajin jini da wankin, ba zai dawo ba sai wajen biyar.

Kasuwar kifi ba kusa take ba. Bas, jirgin ƙasa, sannan wata bas ɗin, kuma a tsaye ta yi rabin tafiyar, don samarin birnin nan da sun ga tsohuwa sai barci ya ɗauke su. Ta wuce tebur huɗu ba ta tsaya ba, a na biyar wata mai kifi, ƙatuwar mace da takalmin roba, ta tare ta.

"Kaka, me za a ba ki?"

"Ƙumbar da ta kwana a teku shekaranjiya, ba wadda ta yi mako tana yawo a mota ba."

"Duk yau da asuba suka iso."

Orfelina ta ɗauki guda mai buɗaɗɗen baki, ta ƙwanƙwasa ta da farce. Ba ta rufe ba, alamar ta mutu.

"Wannan da asubar wace rana ta iso?"

Matar ta kwashe da dariya. "Kai, 'yar kudu ce! Ku dai ba a iya muku." Ta sunkuya ta jawo wani buhun daga ƙarƙashin tebur. "Ga na mutanen da suka san abu. Kuranto ne?"

"Kuranto ne."

"Da kabeji?"

"Da nalka."

"Ina kika samo nalka a cikin wannan wutar?"

"A bayan gidana," Orfelina ta ce, ta ɗan ɗaga murya don na kusa su ji. Ta ji daɗin faɗar haka ƙwarai, har ta yi ta murmushi ita kaɗai a hanyar tasha.

A dawowa bas ta maƙale a cunkoso, sai ƙarfe ɗaya ta shigo gida. Rana ta take tsaka, siminti na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Tsakar gidan Yasna duk siminti ne in ban da wani ɗan fili, taku biyu daga duron nalka, a nan ta haƙa rami daidai gwiwa. Ta kwaso duwatsun kogi da surukinta Ramiro, mijin Yasna, ya jera wa furanni, ta farfasa tsofaffin akwatunan tumatir ta jibga a kai, ta kunna wuta. Awa ɗaya da rabi wutar na ci. Ita kuwa tana bakin kicin tana goge dankali, tana matse shi a tsumma tana dunƙula waina, tana wanke ƙumba, tana yanka kaza. Naman alade mai hayaƙi ta bar shi saboda gishiri, wannan kam ta yi wa likita biyayya.

"Maƙwabciya! Shara ake ƙonawa ko gidan ne aka gaji da shi?"

Don Eleuterio ne ya leƙo ta kan katanga. Tsoho ne mai fararen gashin baki, shekara talatin ya yi yana kula da lambunan masu kuɗi a gindin dutse kafin gwiwa ta ajiye shi.

"Abinci ne, Don Eleuterio. In ka yi haƙuri ka samu, in ka yi surutu ka sha hayaƙi."

Ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Idonsa ya sauka a kan duro.

"Ina ganyen?"

"Suna banɗaki, suna jiran aikinsu."

"Duka? Tun yaushe?"

"Tun bakwai na safe."

"Buɗe mini ƙofa, Doña Orfe."

Ya shigo yana ɗingishi, bai ko dubi ramin ba. Ya taɓa gefen duron ya janye hannu da sauri yana yarfewa. Sannan ya sunkuya ya danna kan saiwar da babban yatsa. Yatsan ya nutse kamar a dafaffen kabewa, wani ruwa ya tsatso. 'Yan tofon nan biyu sun koma launin soyayyar albasa.

Gaban Orfelina ya faɗi, amma bakinta bai yarda ba.

"Za ta fito. Kai ba ka san ta ba. A wajenmu ko da adda ka sassare ta..."

"A wajenku sama ce ke rufe ta, maƙwabciya. A nan ba ta da wata inuwa sai ganyenta." Ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu. "Na yi renon irinta a gidan wani lauya, a bakin tafki, inji na fesa mata ruwa sau uku a rana, duk da haka gefen ganyen ƙonewa yake. Na yi shekara biyu a garin Coyhaique, can kuma ƙanƙara ce matsalar, da sanyi ya shigo sai mu yanke ganyen mu kifa mata a ka. Ko'ina kan nan ake karewa. A tsibirinku ne kaɗai Allah ke yin aikin da kansa, shi ya sa ba ku san ana yi ba. Awa bakwai a rana, cikin duron ƙarfe, ga wuta a gefe."

"In zuba ruwa?"

"Zuba. Kawo buhu mu rufe. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, Doña Orfe, ta dahu har ciki."

Ta zuba bokiti biyu, duron ya yi tsuwa yana fitar da tururi. Suka jiƙa buhu suka lulluɓe. Don Eleuterio ya tsaya yana murza gashin baki, kamar mai shawara da kansa.

"Ni abin da ke damuna, ƙarfe uku na gobe me zan ce masa?"

"Me ke faruwa ƙarfe uku?"

"Ya hana ni faɗa, wai za ki ce ɓarnar ruwa muke yi." Ya yi ajiyar zuciya. "Duk ranar da ba shi da asibiti, da kin shiga barcin rana, sai ya jawo kujera ya shige ƙarƙashin ganyen, ya ƙwanƙwasa katanga da sandarsa. Ni kuma in ɗaga tiyo sama daga ɓangarena, ruwan ya riƙa zubowa a kan ganyen. Minti goma kawai. Na taɓa leƙawa, idonsa a rufe, yana ta murmushi. Ya ce mini ƙarar daidai take da ta ruwan Quehui. Tun bara muke yi."

Orfelina ta nemi bakin tagar kicin ta zauna. Mutumin da aka haifa cikin ruwan sama, ya tsufa cikinsa, yau likita ta ƙayyade masa ƙananan kofi uku a rana. Sai ta tuna sau nawa ta tashi daga barci ta tarar da kafaɗun rigarsa a jiƙe, ta ɗauka gumi ne, ta yi ta faɗa wai zama cikin rana zai kashe shi kafin ƙoda ta kashe shi. Da safen nan ta tsaya a nan tana taƙama da shekara arba'in da huɗu, alhali maƙwabci na bayan katanga ya fi ta sanin abin da ke riƙe da mijinta. Nadama ta kama ta. Yasna ma ta ce a bar biyu. Biyu kawai.

"Duwatsunki sun yi ja," Don Eleuterio ya ce a hankali. "In kika bar su suka huce, kin yi asara biyu."

Ta share fuska da gefen riga ta tashi. Suka kwashe garwashi da shebur. Ta juye ƙumba a kan duwatsun suka hau ƙara, ta jera kaza da dankali, ta ɗauko ganyen daga banɗaki ta shimfiɗa uku, ta jera waina a kansu, ta rufe da sauran huɗun. Babban ne ya zo ƙarshe, ya rufe ramin ruf, har da saura. Don Eleuterio ya taya ta danne gefuna da jiƙaƙƙun buhuna da ƙasa.

Yasna ta dawo huɗu da rabi. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar uwar da buhun da ke kan duro, ta gane, ta shiga fito da farantai.

Biyar da 'yan mintoci motar ta tsaya. Ramiro ya riƙo Baldovino ta hammata, kamar yadda ya saba ranar wanki, za su wuce ɗaki kai tsaye. A tsakiyar falo tsohon ya ja burki, ya ɗaga hanci.

"Wa ke kuranto a unguwar nan?"

Ya zame hannunsa daga na Ramiro, ya bi ƙanshin da sandarsa har bayan gida. Ya ga tudun buhuna na fitar da siririn tururi. Sannan ya juya wajen katanga, ya ga duro da buhu a kansa, da farin bango a inda inuwa take a da. Ya daɗe yana kallo. Orfelina ta sunkuyar da kai tana gyara cokulan da ba sa buƙatar gyara.

"A ba ni kujera," ya ce.

Aka yaye buhuna. Ganyen sun yi laushi sun yi duhu, da Orfelina ta ɗaga na sama tururi ya turnuƙe tsakar gidan, ƙanshin teku da ƙasa da ɗanyen ganye ya bugi kowa. Baldovino ya ja numfashi mai tsawo. Ta zuba masa kaɗan, don kada yawa ya tsorata shi: ƙumba huɗu, dankali ɗaya, waina ɗaya.

Ya ɗauki ƙumba, ya zuƙe romon da ke cikin kwanson, ya cinye tsokar. Ya ɗauki ta biyu. Ya ɓare dankalin yana hurawa, ya gutsuri waina, ya daɗe yana tauna. Yasna ta juya baya tana share ido da bayan hannu, Ramiro kuwa ya tsaya da faranti a hannu ya manta da nasa.

"Gishiri ya yi kaɗan," Baldovino ya ce.

"Sai ka kai ƙara wajen likitarka," Orfelina ta ce.

Aka yi dariya, har da shi. Ya share farantin tas, ya lashi yatsa, sannan ya nuna duron da haɓa.

"Duka bakwai kika aske, tsohuwa?"

"Duka."

"Daidai ne. Rami ba ya son rowa." Ya ƙura mata ido. "To mene ne na ɓata rai kamar an yi miki mutuwa? Kamar ba 'yar Quehui ba. Nalka ce fa. Kafin ƙarshen wata mai zuwa sababbi za su fito, su fi waɗannan faɗi. Eleuterio, kai ba ka san halinta ba, za ka sha mamaki."

Don Eleuterio ya ɗago kai daga farantinsa, ya buɗe baki. Idonsa ya haɗu da na Orfelina. Ta girgiza kai kaɗan, sai ya mayar da hankali kan ƙumbarsa.

Baldovino ya miƙo faranti.

"Ƙaro mini dankali. Ba zan je in kwanta a asibiti da roba a hanci ba, sababbin ganye su fito ba na nan."

"Za su fito," Orfelina ta ce.

Ta durƙusa a bakin ramin, ta sa hannu cikin zafin ta zaɓo mafi girma, ta ɓare masa shi, ta ajiye a farantinsa. Ya cinye shi duka.